Me Zai Hana Ya Bari Kawai? Sharhi Kan Jarabar Shaye-shaye

Duk gidan da shaye-shaye ya shiga, akwai tambayar da ke hana iyaye barci: me zai hana yaron nan ya bari kawai? Ai ya ga abin da ƙwaya ta yi masa. An kore shi daga makaranta ko daga wurin sana'a, ya sayar da wayarsa, ya ɗauki ta ƙanwarsa, ya durƙusa gaban mahaifinsa yana kuka yana cewa, "Wallahi Baba na tuba, daga yau na daina." Sau da yawa har zuciyarsa yake faɗa. Bayan mako biyu sai a tsinto shi a kango ya yi mankas.

Amsa biyu aka fi ji a unguwa. Wasu su ce lalataccen yaro ne wanda ya fi ƙarfin faɗa, maganinsa bulala da mari. Wasu su ce ba yin kansa ba ne, hannu aka sa masa. Duka biyun sukan bar iyali inda suke, bayan an ƙarar da kuɗi da hawaye. Shekara saba'in ke nan masana ƙwaƙwalwa da halayyar ɗan Adam suna tattara wata amsar, kuma ta fi waɗancan amfani domin tana nuna inda za a sa hannu. A taƙaice, mutum ne ke fara sha da zaɓinsa, amma abin da yake sha yana sauya sashen jikin da ake yin zaɓi da shi. Wanda ya gane wannan zai daina mamakin alkawuran da ake karyawa, ya kuma san irin taimakon da ke aiki.

Girman abin

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, sauran kayan maye kuma kimanin dubu 600. A Nijeriya, binciken ƙasa baki ɗaya da Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya gano cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Kashi 14.4 cikin ɗari ke nan, alhali matsakaicin duniya a lokacin bai kai kashi 6 ba. Tabar wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su tiramadol da miliyan 4.6, sannan ruwan maganin tari da miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Jihar Kano ta kai kashi 16 cikin ɗari.

Akwai wani adadi a rahoton wanda ya fi sauran buƙatar a tsaya a kansa: cikin kowane masu sha biyar, ɗaya ne abin ya zame wa ciwo. Ashe ba duk wanda ya taɓa ne ke kamuwa ba. Tambayar ta rabu biyu ke nan. Me ke faruwa a jikin wanda ya kamu? Kuma me ya sa shi, ba abokinsa da suka fara rana ɗaya ba?

Yadda ƙwaƙwalwa ke koyon so

A 1954, a Jami'ar McGill da ke Kanada, James Olds da Peter Milner suka dasa siririyar waya a can cikin ƙwaƙwalwar ɓera, suka haɗa ta da wani maɓalli wanda in ɓeran ya taka zai aika ɗan ƙaramin lantarki zuwa wurin. Ɓeran ya shiga takawa ba ƙaƙƙautawa, ɗaruruwa cikin awa guda. A gwaje-gwajen da suka biyo baya an ga ɓerayen da yunwa ke ci suna barin abinci don su ci gaba da takawa. Abin da aka taɓa shi ne hanyar jijiyoyin da Allah ya halitta don ta tura mai rai zuwa ga abin da zai raya shi: abinci, ruwa, aure, zumunci. Sinadarin da ke ɗauke da saƙo a wannan hanya shi ake kira dofamin.

An daɗe ana ɗaukar dofamin a matsayin sinadarin jin daɗi. Bincike biyu suka gyara wannan fahimta. Wolfram Schultz ya riƙa auna jijiyoyin birai yana ɗiga musu ruwan 'ya'yan itace. Da farko dofamin na tashi ne lokacin da zaƙin ya taɓa harshe. Da biran suka gane cewa wata fitila kan kunnu kafin zaƙin ya zo, sai tashin ya koma kan fitilar. In fitila ta kunnu zaƙi bai zo ba, sai dofamin ya faɗi ƙasa da yadda yake. Aikinsa ke nan: ya koya wa ƙwaƙwalwa abin da ya cancanci a bi, ya kuma liƙa darajar abin ga duk alamar da ke zuwa kafinsa. Su kuma Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Michigan sun nuna cewa ɓeran da aka raba da dofamin yana lasar baki in an sa masa sukari a harshe, amma ba zai tashi ya nemi abinci ba ko da yana gabansa. Hanyar jin daɗin abu daban, hanyar ƙawarsa daban. A 1993 suka bayyana ra'ayinsu cewa kayan maye suna kumbura ƙawa ne yayin da daɗin ke raguwa.

Duk wanda ya zauna da tsohon mashayi ya ji wannan daga bakinsa: "Ni fa yanzu ba daɗinta nake ji ba, kawai dai ba zan iya zama ba ita ba." Mutane kan ɗauka ƙarya yake yi. Gaskiya yake faɗa, kuma ita ce zuciyar matsalar. Abinci mai daɗi yana tayar da dofamin daidai gwargwado, in an ƙoshi ya kwanta. Kayan maye suna tayar da shi fiye da kima, kuma a kowane sha. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke karɓa kullum shi ne, wannan ya fi komai muhimmanci, kada a manta inda aka same shi, da wa aka sha, da ƙarfe nawa.

Kowane abin maye da ƙofar da yake shiga

Dukansu a kan wannan hanya suke haɗuwa, amma kowanne da mashigarsa, kuma sanin bambancin na iya ceton rai.

Giya, ko burkutu ce ko ogogoro ko ta kwalba, tana ƙarfafa sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi, wanda ake kira GABA, tana kuma danne gulutamet mai zaburar da su. Shi ya sa kunya ke fara gushewa, sai harshe ya karye, sai tafiya ta gagara. Ƙwayoyin barci irin su diyazefam, waɗanda matasa ke kira roci, ta wannan ƙofar suke bi, don haka haɗa su da giya na iya tsayar da numfashi.

Kodin da tiramadol da hiroyin dangin ofiyom ne. A 1973 Candace Pert da Solomon Snyder suka gano cewa ƙwaƙwalwa na da gurabe na musamman da ke karɓar irin waɗannan sinadarai, bayan shekara biyu kuma aka gano a Aberdeen ta Sukotlan cewa jiki da kansa yana ƙera nasa masu kashe zafi da ke zama a guraben. Abin da ɗan ƙwaya ke haɗiya yana mamaye wurin da aka tanadar wa na jiki. Kodin kuwa sai ya je hanta ta mayar da wani sashensa mofin, kuma saurin wannan aiki ya bambanta bisa gado. Akwai masu hantar da ke juya shi da sauri ƙwarai, irinsu na da yawa a Habasha da Arewacin Afirka, ta yadda kwalbar da ta sa wani gyangyaɗi za ta iya kai wani kushewa. Tiramadol, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1977, likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum. Wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Afirka ta Yamma kan zo da 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, kuma akwai masu watsa huɗu ko biyar a shayi. Ban da danne numfashi, yawansa na jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

Wiwi na kwaikwayon wasu sinadaran jiki masu daidaita tunawa da ci da barci. Kimanin mutum ɗaya cikin goma masu shanta ne ke kamuwa, amma ga waɗanda suka fara tun suna samari adadin ya kai ɗaya cikin shida, kuma tana iya tono taɓin hankali ga mai ɗauke da shi a jini. Sholisho da fetur da sauran abubuwan shaƙa sun fi kowanne arha, sun kuma fi cin yaran titi. Suna lalata rigar da ke lulluɓe jijiyoyi, suna iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko.

Daga neman daɗi zuwa gudun azaba

Ƙwaƙwalwa ba ta son a karkatar da ita. In aka dinga tura ta gefe guda, sai ta ja ta ɗaya gefen don ta daidaita. Wanda ya yawaita giya, jikinsa zai rage jin GABA ya ƙara gulutamet. Wanda ya yawaita kodin, jikinsa zai rage ƙera nasa masu kashe zafi. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna cewa guraben karɓar dofamin sun ragu ga masu jarabar giya da hodar iblis da hiroyin. Sakamako biyu ke biyo baya. Na farko, abin da ke bugar da shi jiya yau ba ya kama shi, sai ya ƙara. Na biyu ya fi ciwo: abubuwan da ke faranta wa kowa rai, hira da abinci da wasa da 'ya'ya, sai su zama lami a wurinsa.

Lamarin kamar mai cin bashi ne da ruwa. Daɗin daren yau daga na gobe aka ranto shi, in gari ya waye sai a biya da ƙari, kuma hanya mafi sauri ta biyan ita ce a sake ranta. George Koob ya bayyana wannan zagaye a matakai uku: buguwa, sai ƙunci idan abin ya sake shi, sai tunanin yadda za a samo na gaba ya cika kai. A mataki na biyu sinadaran tashin hankali ke yawaita, mutum ya zama mai saurin fushi da fargaba da rashin barci. Daga nan ba nishaɗi yake nema ba kuma. Yana sha ne don ya koma daidai, ya iya tashi ya yi wanka ya gaida mutane.

Azabar yaye ta bambanta. Mai kodin ko tiramadol in ya yanke zai yi ta hamma da hawaye da majina, ga ciwon gaɓoɓi da gudawa da zufa da sanyi, har kusan mako guda. Abin da wuya, amma ba kasafai yake kisa ba. Ta giya da ƙwayoyin barci ita ce mai haɗari. Wanda ya shekara yana sha kullum, in ya tsaya rana ɗaya, karkarwa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyowa, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma yana iya ruɗewa ya riƙa ganin abin da babu, zuciya na bugawa, jiki ya yi zafi. Wannan yanayi na kashe mutum in ba a kai shi asibiti ba. Iyalin da suka kulle irin wannan mutum a ɗaki don su raba shi da kwalba suna iya rasa shi, da kyakkyawar niyyarsu.

Akwai haɗari na biyu da mutane ba su cika sani ba. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba, a gidan yari ko a gidan gyaran hali, sabon da jikinsa ya yi ya zube. In ya fito ya sha adadin da ya saba, sai ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa makonnin farko bayan fitowa daga kurkuku ke cikin lokutan da masu shan dangin ofiyom suka fi mutuwa.

Duk wannan na faruwa ne yayin da sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, ke raunana. Shi ne mai auna gobe, mai cewa dakata. Ƙawa ta ƙaru, ƙunci ya ƙaru, mai tsawatarwa ya yi rauni. Yaron da ya rantse wa mahaifinsa da safe da wannan sashe ya rantse. Da yamma, da ya bi ta bakin kemis ɗin da ya saba, wani sashen ne ya karɓe ragama.

Me ya sa shi, ba abokinsa ba?

Binciken tagwaye da na 'ya'yan riƙo ya nuna cewa gado na ɗauke da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na yiwuwar kamuwa. Babu wata ƙwayar halitta guda ta shaye-shaye. Ɗaruruwa ne, kowace da ɗan tasirinta: wata kan yadda hanta ke narka abu, wata kan saurin ƙosawa, wata kan yawan fargaba. Misali sananne shi ne na mutanen Sin da Japan da Koriya, inda kusan kashi ɗaya cikin uku ke ɗauke da wani sauyi da ke sa giya ta jawo musu jan fuska da tashin zuciya, kuma jarabar giya ta yi ƙaranci a cikin masu wannan sauyi. Gado ba hukunci ba ne, amma gidan da aka san akwai abin a jini ya kamata su fi kowa sa ido.

Na biyu shekaru. Sashen gaban ƙwaƙwalwa ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali hanyar ƙawa ta riga ta kankama tun farkon balaga. Wani babban bincike a Amurka ya gano cewa wanda ya fara giya kafin shekara 15 ya ninka wanda ya jira har ya kai 20 sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa. Duk shekarar da aka jinkirta farawa riba ce, ko da ba a iya hanawa gaba ɗaya ba.

Na uku raunin zuciya. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka fara wallafa sakamakon binciken da ya shafi mutum sama da 17,000 a Kalifoniya game da wahalhalun ƙuruciya: duka, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, tashi a gidan mashayi. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye sun ninka sauran kusan sau bakwai wajen jarabar giya, sau goma wajen yi wa kai allurar ƙwaya. Ciwon damuwa da fargaba da firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali duk suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da shaye-shaye. A ƙasar da yara suka ga an ƙone garuruwansu a Borno da Zamfara, wannan ba labarin nesa ba ne.

In aka saurari masu sha a garuruwanmu, ba kasafai labarin ke farawa da neman holewa ba. Lebura da ɗan dako da ɗan acaba da mai haƙar zinariya sun fara tiramadol ne don su yi aikin mutum biyu ba su ji gajiya ba. Matar aure da ke cikin ƙuncin kishi ko sakin wulaƙanci ƙawarta ce ta miƙo mata kwalba ta ce, "Sha ki samu barci." Ɗalibi ya sha don ya kwana karatu, ango ya sha don a ce namiji ne, ɗan bangar siyasa kuma wanda ya ɗauke shi aiki ne ya saya masa. Ƙwayar ta yi musu aikin da suka nema a farko, kuma nan tarkon yake. Duk maganin da bai tambayi wace matsala ce mutum ke toshewa da ƙwaya ba, ya bar ƙofa a buɗe.

Darasin sojojin Biyetnam

A 1971 hankalin gwamnatin Amurka ya tashi da labarin cewa hiroyin ta yi katutu a cikin sojojinta da ke yaƙi a Biyetnam. Aka ɗora wa Lee Robins bin sawun waɗanda suka dawo gida a watan Satumba na shekarar. Kusan kashi 20 cikin ɗari sun ce sun kamu a can. Kowa ya zaci za a cika titunan Amurka da 'yan ƙwaya. Sai ga shi cikin shekarar farko kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma ruwa, cikin shekara uku kuma kashi 12. Ƙwaya mai arha, fargabar mutuwa, kewar gida, abokan sha, duk an baro su a can.

Wannan bai rushe bayanin ƙwaƙwalwa ba, cika shi ya yi. Tunda dofamin na liƙa ƙawa ga wuri da mutane da lokaci, wanda ya rabu da alamomin ya rabu da rabin yaƙin. Shi ya sa kuma yaron da ya yi wata shida lafiya lau a cibiyar gyara kan faɗi cikin mako guda in an mayar da shi unguwarsu, majalisarsu, da zaman banzan da ya baro. Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ciwo ne ko laifi?

A 1997 Alan Leshner, shugaban cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka a lokacin, ya yi shelar cewa jaraba ciwon ƙwaƙwalwa ce mai daɗewa, mai tafiya tana dawowa. Wannan ra'ayi ya buɗe ƙofar asibiti ga mutanen da a da kurkuku kawai suka sani. Amma ya samu masu suka. Gene Heyman ya nuna daga manyan ƙididdigar Amurka cewa mafi yawan waɗanda suka taɓa kamuwa sukan daina daga baya, da yawansu ba tare da sun ga likita ba, galibi in aure ko haihuwa ko aiki ya ba su abin da suke tsoron rasawa. Marc Lewis kuma ya ce abin da ake gani a hoton ƙwaƙwalwa koyo ne mai zurfi, kuma abin da aka koya ana iya koyon saɓaninsa.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Zaɓin mai jaraba bai mutu ba, ya dai ƙuntata ƙwarai. Da ya mutu, da ba a ga amfanin tsarin da ake ba mai jinya 'yar kyauta duk lokacin da gwajin fitsarinsa ya fito da tsabta ba, alhali wannan tsari na cikin mafi inganci ga masu shan hodar iblis. Da kuma zaɓin na nan cikakke, da ba a ga uwa ta sayar da kayan ɗakinta tana kuka don kwalbar maganin tari ba. Mai ciwon sukari bai zaɓi ciwonsa ba, amma akwai abin da ke wuyansa na kiyaye abinci da shan magani. Haka mai jaraba: ba a tsine masa, ba a kuma sauke masa nauyi.

Wannan matsaya ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. An fara da bayyana cewa cutarwarta ta fi amfaninta a Suratul Baƙara, sai hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe a Suratul Ma'ida, bayan an shafe shekaru ana gina imani da jama'a. Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin na son Allah da Manzonsa. An hukunta aikin, ba a fitar da mai aikin daga cikin jama'a ba.

Abin da ke aiki da wanda ba ya aiki

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugaye ba ne, sun rasa inda za su ne. Amma duk abin da aka sani game da jaraba na nuna cewa azaba na ciyar da ita. Tsoro da wulaƙanci su ne ainihin abin da ke tayar da sinadaran ƙuncin da ke mayar da mutum ga sha. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin irin waɗannan majinyata. Sai dai doka ba ta zama gadon asibiti. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa ko 300, kuma asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri ba za su ɗauke nauyin Arewa duka ba.

Toshe hanyar shigowar kaya wajibi ne, amma shi kaɗai ba ya isa. A ranar 1 ga Mayun 2018, kwana guda bayan BBC ta nuna yadda ake kwararar da maganin tari zuwa kasuwar bayan fage, gwamnatin tarayya ta hana shigo da mai kodin da sarrafa shi. A shekarar ce Indiya ta tsaurara dokar tiramadol. Masu ƙawa ba su ɓace ba, kasuwa ta nemo musu wani. A 2025 aka bankaɗo yadda ake turo haɗin tafentadol da karisofrodol daga Indiya zuwa Nijeriya da Gana da Kodebuwa, har sai da Indiya ta hana ƙera shi. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana kama tan-tan na kaya, amma muddin miliyoyin masu nema na nan ba magani, wani zai kawo.

Abin da bincike ya tabbatar yana da matakai. Yaye a ƙarƙashin kulawar likita shi ne farko, kuma farko ne kawai. Ga dangin ofiyom, magungunan metadon da bufrenofin na rage mutuwa da kusan rabi, nalokson kuma na farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya in an yi masa da wuri. Ga giya akwai naltirekson da akamfroset masu rage ƙawa. Sai zama da masanin halayya don mutum ya gane abubuwan da ke tayar masa da ƙawa ya shirya musu, da maganin damuwa ko firgicin da ke ƙarƙashi, da zama cikin waɗanda suka riga shi dainawa, irin tsarin da aka faro a Akron ta Amurka a 1935. Bayan duk wannan sai sana'a, domin hannun da ba ya komai da yinin da ba shi da tsari su ne abokan jaraba na farko.

Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake faɗawa, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ke sakin maganinsu. Komawa ruwa alama ce ta a gyara jinyar a ci gaba. Kuma ƙwaƙwalwa na farfaɗowa: Volkow ta nuna a 2001 cewa bayan fiye da shekara guda da dainawa, hanyoyin dofamin na masu shan metamfetamin sun dawo da yawa daga abin da suka rasa. Watannin farko, lokacin da duniya ta yi wa mai jinya lami, su ne ya fi buƙatar a riƙe shi.

Saboda haka nauyin ya rabu. Gwamnatocin jihohi su sa jinyar shaye-shaye a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, su horar da ma'aikatan jinya, su keɓe wa mata wurin da za su je ba tare da an yi musu tambari ba, su kuma hukunta ɗan siyasar da ke raba wa matasa ƙwaya kamar yadda ake hukunta dila. Malamai su haɗa wa'azin haramci da nuna hanyar asibiti. Iyaye kuma su sani cewa ɓoye abin don gudun abin kunya shi ke ba shi shekarun da yake buƙata ya yi jijiya. A hana mai shan kuɗi, a gindaya masa sharuɗɗa, a faɗa masa gaskiya ba zagi, a kai shi wurin masana tun da wuri, in ya faɗi a sake kai shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Bisa binciken da aka bayyana a 2019, kusan mutum miliyan uku ne ke cikin wannan hali a Nijeriya, mafi yawansu matasa, kuma ilimin da ake da shi a yau ya isa a dawo da mafi yawansu, in an yarda a kashe kuɗi da haƙuri a kansu.